Taron Davos: Me ya sa jama'a ke ɗari-ɗari da tarukan manyan duniya?

A watan Janairun kusan kowace shekara, mutane kimanin 3,000 ne ke hallara a Davos, wani ƙaramin gari da ke cikin tsaunukan ƙasar Suwizalan, domin taron Dandalin Tattalin Arziki na Duniya, wato WEF.

Mahalarta taron sun haɗa da shugabannin ƙasashe da ministoci, da shugabannin manyan kamfanoni da bankuna, da malaman jami'o'i da kuma 'yan jarida.

Masu shirya taron na cewa burinsu shi ne kyautata halin da duniya ke ciki. Sai dai a idon jama'a da dama, daga Turai da Amurka har zuwa Afirka, Davos ya zama alamar wani rukuni na masu hannu da shuni da masu faɗa-a-ji da ke tattauna makomar talaka a bayan idonsa.

Irin wannan zargi ya shafi har da tarukan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki na G7 da G20, da na hukumar ba da lamuni ta duniya IMF, da Bankin Duniya, da ƙungiyar ciniki ta duniya WTO. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen na da hujjoji a rubuce, wasu kuma jita-jita ce da ba ta da tushe.

Asalin taron

Wani Bajamushe malamin jami'ar Janeba, Farfesa Klaus Schwab, shi ne ya kafa dandalin a shekarar 1971. Taron farko ya haɗa shugabannin kamfanonin Turai sama da 400, kuma manufarsa ita ce koyon dabarun tafiyar da kamfanoni irin na Amurka.

Sannu a hankali aka fara gayyatar 'yan siyasa, kuma a shekarar 1987 aka sauya wa dandalin suna zuwa wanda aka san shi da shi a yau. Hedkwatarsa na garin Cologny kusa da Janeba.

Kamfanoni kimanin 1,000 ne ke ɗaukar nauyin dandalin, inda mafiya girma daga cikinsu ke biyan dubban ɗaruruwan daloli a shekara. Ba a shiga taron sai da takardar gayyata. Hukumomin Suwizalan kuma kan amince a tura sojoji har 5,000 domin tsaron baƙin, lamarin da wasu 'yan ƙasar ke cewa ɗora wa masu biyan haraji nauyin taron attajirai ne.

Ba ya zartar da hukunci

Saɓanin yadda wasu ke zato, WEF gidauniya ce mai zaman kanta. Ba ta kafa doka, ba ta ba da bashi, ba a kaɗa ƙuri'a a taronta, kuma babu ƙasar da ta wajaba ta yi aiki da abin da aka faɗa a can.

Ƙarfin Davos yana cikin haɗa mutane ne. A cikin kwanaki huɗu ko biyar, shugaban kamfani na iya ganawa da ministocin kuɗi da shugabannin ƙasashen da zai shafe watanni yana neman ganinsu, kuma yawancin waɗannan ganawa ana yin su ne a ɗakunan otal inda babu 'yan jarida.

Magoya bayan taron kan kafa hujja da wasu abubuwan da suka faru a can. A shekarar 1988 shugabannin Girka da Turkiyya sun sa hannu a kan wata sanarwa da ta kwantar da zaman ɗar-ɗar tsakanin ƙasashen biyu. A 1992 Nelson Mandela da shugaba F. W. de Klerk sun zauna a dandamali ɗaya. A shekara ta 2000 kuma aka ƙaddamar da ƙawancen samar da alluran rigakafi na Gavi, wanda Najeriya da Nijar na cikin ƙasashen da suka amfana da shi.

Masu suka kuwa na cewa ainihin matsalar ke nan: mai kuɗi na samun kunnen shugaba cikin sauƙi, yayin da manomi ko ɗan ƙwadagon da manufofin za su shafa ba shi da kujera a wurin.

Daga Seattle zuwa Genoa

Fushin jama'a ya fito fili ne a ƙarshen watan Nuwamban 1999, lokacin da dubun-dubatar 'yan ƙwadago da masu rajin kare muhalli suka toshe titunan birnin Seattle na Amurka, har aka soke bikin buɗe taron ministocin WTO.

A cikin zauren ma an samu ɓaraka. Wakilan Afirka sun koka cewa manyan ƙasashe na keɓewa a ƙananan ɗakuna suna yanke shawara ba tare da su ba, kuma aka tashi taron baram-baram.

An ci gaba da irin wannan zanga-zanga a Prague a shekara ta 2000 yayin taron IMF da Bankin Duniya. A watan Yulin 2001, a wajen taron G8 a birnin Genoa na Italiya, wani jami'in tsaro ya harbe wani matashi ɗan shekara 23 mai suna Carlo Giuliani. A 2015 kotun kare haƙƙin bil'adama ta Turai ta yanke hukunci cewa dukan da 'yan sanda suka yi a wata makarantar da masu zanga-zangar ke kwana ya kai matsayin azabtarwa.

Bayan Genoa, an koma yin tarukan a wuraren da ke da wuyar shiga. Taron G8 na 2002 an yi shi ne a Kananaskis, wani wurin shaƙatawa cikin duwatsun Kanada. Matakin ya rage arangama, amma ya ƙara wa masu zargin cewa shugabanni na gudun jama'arsu ƙarfin gwiwa.

A watan Janairun 2001 ne kuma ƙungiyoyin fararen hula suka kafa nasu dandalin a birnin Porto Alegre na Birazil domin ya zama kishiyar Davos. An gudanar da shi a Bamako a 2006, da Nairobi a 2007, da Dakar a 2011.

Darasin da Afirka ta koya

A Afirka, rashin yarda da hukumomin kuɗi na duniya ya girmi zanga-zangar Seattle.

A shekarar 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara a kan ko Najeriya ta karɓi bashin IMF. Akasarin masu magana sun ƙi, kuma a watan Disamba gwamnati ta ce ta fasa. Amma a tsakiyar 1986 sai ta ɓullo da shirin yi wa tattalin arziki garambawul, wato SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da hukumar ke nema: karya darajar naira, da rage tallafi, da sayar da kamfanonin gwamnati.

Tsadar rayuwar da ta biyo baya ta janyo zanga-zangar ɗalibai a watan Mayun 1989, wadda ta faro daga Benin ta bazu zuwa Legas da wasu birane, aka kuma rasa rayuka.

A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, a watan Janairun 1994 ne aka wayi gari an zabge rabin darajar kuɗin, bayan wani taro da aka yi a Dakar tare da jami'an Faransa da na IMF. Farashin magunguna da sauran kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo.

Masana tattalin arziki sun rabu a kan ko akwai wata mafita a lokacin, ganin yadda bashi ya yi wa ƙasashen katutu. Amma daga baya hatta Joseph Stiglitz, tsohon babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya soki yadda IMF ke ba ƙasashe mabambanta magani iri ɗaya.

Alƙawarin da aka cika da wanda aka saɓa

A taron G8 na Gleneagles da ke Birtaniya a 2005, shugabannin sun amince a yafe bashin kimanin dala biliyan 40 da hukumomin kuɗi na duniya ke bin ƙasashe 18, ciki har da Nijar da Ghana da Mali. An cika wannan alƙawari. A shekarar ce kuma ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12.

Sai dai alƙawarin ƙara wa Afirka agajin dala biliyan 25 a shekara kafin 2010 bai cika ba. Ƙididdigar ƙungiyar OECD ta nuna cewa ƙarin da aka samu bai kai rabin hakan ba.

Haka nan a taron sauyin yanayi na Copenhagen a 2009, ƙasashe masu arziki sun ce kafin 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a kowace shekara. OECD ta ce sai a 2022 aka kai wannan adadi, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne.

Giɓin arziki

Rikicin kuɗi na 2008 ya faɗaɗa rashin yardar zuwa cikin ƙasashen Yamma. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala biliyan 700 domin ceto bankuna, a daidai lokacin da miliyoyin mutane ke rasa gidajensu da ayyukansu.

Ƙungiyar agaji ta Oxfam kan fitar da rahoto a jajibirin taron Davos. A 2014 ta ce dukiyar mutum 85 ta kai ta rabin al'ummar duniya mafi talauci. A 2017 ta ce mutum takwas ne kacal. Wasu masana sun soki yadda take lissafin, domin ta kan sa mai albashi mai tsoka da bashi ya yi wa yawa cikin sahun matalauta, amma ba a musanta cewa dukiya na taruwa a hannun 'yan ƙalilan ba.

Takardun Panama da aka bankaɗo a 2016, su kimanin miliyan 11 da rabi, sun nuna yadda 'yan siyasa da attajirai ke ɓoye dukiya a ƙasashen da ba a biyan haraji sosai. A taron 2019 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Rutger Bregman, ya shaida wa mahalarta cewa suna ta maganar taimakon talakawa amma suna kauce wa batun biyan haraji.

Akwai kuma zargin faɗa ba cikawa. Wani bincike da ƙungiyar Greenpeace ta ɗauki nauyi ya ƙirga sauka da tashin jiragen sama na alfarma sama da 1,000 a filayen da ke kusa da Davos a makon taron 2022, taron da sauyin yanayi ke cikin manyan batutuwansa.

A watan Mayun 2014 Abuja ta karɓi baƙuncin taron WEF na nahiyar Afirka, makonni uku bayan sace 'yan mata 276 a Chibok da kuma harin bam na Nyanya. Gwamnati ta rufe makarantu da ofisoshinta a birnin na kwanaki uku domin tsaron baƙi, abin da ya sa 'yan Najeriya da dama suka yi tambaya a kan wanda ake fifitawa wajen tsaro.

Sirri da jita-jita

Babu taron da ya kai na Bilderberg jawo zargi. An fara shi ne a 1954 a wani otal mai wannan suna a ƙasar Holan, kuma ya kan haɗa mutane 120 zuwa 150 daga Turai da Amurka ta Arewa. Ana wallafa sunayen mahalarta da batutuwan da za a tattauna, amma ba a fitar da sanarwar bayan taro, kuma ba a yarda a faɗi wanda ya ce kaza ba.

A watan Yunin 2020, ana tsakiyar annobar korona, WEF da Yarima Charles na Birtaniya, wanda ya zama sarki a 2022, sun ƙaddamar da wani shiri na sake fasalin tattalin arzikin duniya. Nan da nan aka fara yaɗawa a intanet cewa da gangan aka ƙirƙiro cutar domin kafa gwamnatin duniya ɗaya da kuma ƙwace dukiyar jama'a.

Masu yaɗa zancen sun dogara ne da wata maƙala ta 2016, inda wata 'yar majalisar Denmak, Ida Auken, ta yi hasashen wani birni da babu mai mallakar komai a cikinsa. Ta bayyana cewa ta rubuta ne domin tayar da muhawara. Babu wata hujja da ta nuna cewa dandalin na da hannu a ɓullar cutar.

Irin wannan jita-jita kan yi tsiro ne a inda aka taɓa cutar da jama'a. A 1996 yara 11 sun mutu cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a Kano. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tarihi na cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa allurar shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, bisa zargin cewa tana hana haihuwa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20 da a baya suka rabu da ita.

Me ya sauya?

Davos ya buɗe ƙofa ga wasu masu sukarsa, yana kuma watsa yawancin zamansa kai tsaye. Shugaba Donald Trump na Amurka, wanda ya yi suna wajen caccakar masu son dunƙulewar tattalin arzikin duniya, ya halarci taron a 2018 da 2020.

A watan Afrilun 2025 Mista Schwab ya sauka daga shugabancin dandalin yana da shekara 87, a daidai lokacin da aka yi masa zargin almubazzaranci da kuɗin gidauniyar. Ya musanta, kuma a watan Agusta hukumar gudanarwar ta ce binciken da aka yi bai gano wani babban laifi ba.

A watan Satumban 2023 an ba Tarayyar Afirka cikakkiyar kujera a G20, kuma tun 2021 Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ta Najeriya ta hau shugabancin WTO. A 2024 kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun samu kujera ta uku a hukumar zartarwar IMF.

Amma a hukumomin da ke da ikon yanke hukunci na haƙiƙa, rabon ƙuri'a bai sauya sosai ba. Amurka na da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un IMF, alhali manyan shawarwari na buƙatar kashi 85, abin da ke nufin ita kaɗai na iya hawa kujerar na-ƙi. Tun kafa hukumomin biyu a taron Bretton Woods na 1944, duk shugabannin IMF 'yan Turai ne, na Bankin Duniya kuma Amurka ce ke gabatar da su.

A watan Disamban 2023 ƙasashen IMF sun amince su ƙara kuɗin da kowacce ke zubawa da kashi 50 cikin ɗari, amma aka bar rabon ƙuri'un kamar yadda yake.