Haruffan Fuska da Matsayinsu a Tarihin Maganar Kurame

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wata tsohuwar dabara ta nuna haruffa da yatsa a kan fuska, domin a ga dalilin da ya hana ta yin ƙarko, da kuma abin da wannan ke nufi ga masu koyar da kurame a ƙasar Katsina.

Asali

Dabarar ba ta kurame ba ce tun farko. Wani kundi na ƙasar Ailan na wajen 1390 ya bayyana yadda ake ɗora yatsu a kan karan hanci don nuna haruffa. A 1692 kuma Charles de La Fin ya buga littafi a Ingila, inda ake taɓa gaɓar da sunanta ya fara da harafin da ake nufi, wasula kuwa a kan yatsu.

Raunin wannan tsari shi ne a ɗaure yake da harshe guda. Alal misali, in an gwada shi da Hausa, baki zai ba da B, goshi G, ido I, ƙeya Ƙ. To, amma hanci da haɓa da harshe da haƙori duk H ne, wasu haruffan kuwa ba su da gaɓa ko ɗaya. Saboda haka haruffan hannu ɗaya, irin waɗanda Bonet ya buga a Sifen a 1620, su suka yaɗu ta Faransa zuwa Amurka.

Ƙasar Hausa

Andrew Foster ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya zo da haruffan Amurka. Ta Tudun Maliki a Kano ta biyo baya a 1977, a Jihar Katsina kuma akwai ta Malumfashi. Amma tun kafin boko kurame na da maganar hannu tasu, har da sarkin bebaye a Kano, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a littafinta na 2000.

Kammalawa

Haruffa 26 na Amurka ba su tanadi ɓ da ɗ da ƙ ba. Watau yaro kurma ɗan Ƙofar Marusa, in da su kaɗai ya dogara, ko harafin farko na sunan unguwarsu ba zai nuna daidai ba, balle ya bambance bari da ɓari. Wajibi ne manazarta su zauna da kuramen kansu, a tattara yadda suke warware wannan, kafin a tsayar da ƙa'ida ga makarantu.