Sprite: Motar da Tsimin Kuɗi Ya Ƙera

A ranar 20 ga Mayun 1958, a birnin Monte Carlo, kamfanin BMC na Ingila ya tara 'yan jarida ya nuna musu wata 'yar mota mai kujera biyu, fitilunta a ɗore bisa marfin inji kamar idanun kwaɗo. Sunanta Austin-Healey Sprite, farashinta fam 669 har da haraji. A wancan zamani motar yawo mai buɗaɗɗen sama ta masu hannu da shuni ce. Leonard Lord, shugaban BMC, da Donald Healey, tsohon direban tsere da ya ci gasar Monte Carlo a 1931, suka ƙudura cewa saurayi mai ƙaramin albashi ma sai ya hau irinta.

To, ta yaya za a yi mota mai arha ba tare da ta zama gwangwani ba? Ma'aikatan Healey a garin Warwick ba su ƙera sabon inji ba. Sun leƙa rumbun BMC suka ɗebo abin da ke ƙasa. Inji mai cc 948 na motar iyali ne, wanda ke cikin Austin A35 da Morris Minor, sai suka ɗora masa kafireto biyu na SU, ya kai ƙarfin doki 43. Ƙafafun gaba daga A35 aka ɗauko, sitiyari kuma daga Minor. Duk bakanikin da ya taɓa kwance waɗannan motoci ya riga ya san cikin Sprite, kayan gyara kuwa ko'ina akwai.

Inda gwanintar take shi ne a jikin motar. Yawancin motocin yawo na lokacin ana shimfiɗa shasi ne mai nauyi, sannan a ɗora bodi a kai. Barry Bilbie, ɗaya daga cikin ma'aikatan Healey, ya haɗe su wuri ɗaya: ƙasan motar da bangonta su ne ƙashin bayanta. Wannan ya rage nauyi ƙwarai, amma ya zo da sharaɗi. Sifirin na baya gajeru ne, rabin wanda aka saba gani, kuma duk jijjigar hanya a jikin bodin suke sauke ta. Don kada bayan ya yi rauni, aka ƙi yanka masa ƙofar but. Mai kaya sai ya kwantar da kujera, ya sunkuya ya cusa jakarsa cikin wani rami mai duhu. Ƙofofi ma ba su da mariƙi ta waje, hannu ake zurawa ciki a buɗe. A gaba kuwa, marfin inji da fukafukai da fitilu duk abu ɗaya ne, ana ɗaga shi gaba ɗaya injin ya bayyana a fili.

Su kansu fitilun, Gerry Coker da ya zana motar ya so su riƙa kwanciya idan an kashe su. Da aka yi lissafin kuɗin, aka soke, aka bar su a tsaye. A ganina wannan tsimi alheri ya zame mata, domin da wannan fuska mai murmushi duniya ta san ta har yau.

Gudunta bai wuce kilomita 133 a awa ba, abin da ƙaramar motar yau za ta yi ba wahala. Amma saboda rashin nauyi da sitiyari mai jin magana, a kan kwana ba ta da wasa. A 1959, a tseren awa 12 na Sebring a Amurka, Sprite ce ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku a ajinta.

A masana'antar MG da ke Abingdon aka harhaɗa ta, kuma an yi kusan 49,000 kafin 1961. A shekarar aka fito da sabon samfuri mai fitilu a gefe da ƙofar but, tare da tagwayenta MG Midget. Ya fi daɗin amfani, babu musu, sai dai ya yi kama da sauran motoci. An daina Sprite a 1971, kuma har yanzu ta farkon nan, mai idon kwaɗo, ita masu tara tsofaffin motoci suka fi nema.