Daga akwatin radiyo zuwa salula: yadda Adarawa munka koyi saurare

Yau tarihin kunne za mu taɓa, wato yadda sauti ya shigo ɗakunanmu, da abin da ya kamata mu yi da shi tun bai kuɓuce mana ba.

A da, wanda ke son jin goge ko kalangu sai ya tahi inda makaɗi yake: gidan biki, filin kokowa, ko ƙofar sarki. Radiyo Nijar ta fara magana a 1958, ita ce daga baya anka raɗa wa suna Muryar Sahel. A 1962 anka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo, inda mutanen gari ke taruwa kan akwati guda su saurara, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a aika Yamai. Ke nan saurarenmu na farko na taro ne, a zaure ko gindin bedi.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma ƴan cin rani ne sunka kawo mana shi. Ba'adare ya dawo daga Abijan, Legas ko Libiya, rakoda a kafaɗa, an ɗinka mata riga don ƙura. Nan munka ji Ɗankwairo da Shata da Ɗan Anace duk lokacin da muke so, matuƙar pil bai mutu ba. Kaset ɗin nan kuma shi ne wasiƙar wanda bai yi boko ba: tsohuwa ta yi magana a ciki, a ba direba ya kai wa ɗanta a bakin teku. A shekarun 1980 anka kafa gasar kiɗa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu, mai gogen nan na ƙasarmu, Tawa kuma ta sha karɓar baƙuncinta.

A arewacin Adar kuwa kaset ya ɗauki wani nauyi daban. Bayan abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayun 1990, kiɗan gitar Buzaye ya zama abin ɓoyewa. Hannu da hannu ake kwafarsa, ana saurare ƙasa-ƙasa, har zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995.

Da salula ta shigo, sai waƙa ta koma cikin ɗan katin waya. Mdou Moctar, ɗan wannan yanki namu, ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato a 2008. Ba kanti ya sayar da shi ba, Bluetooth ne ya yaɗa shi daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji shi, ya sa waƙa guda cikin tarin da ya fitar a 2011. A 2013 anka fitar da Afelan, wanda anka ɗauka a Cintabaraden. Yau yaron da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke yana kiɗa a Amurka da Turai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kayan sauti sun yi arha, kowace fada da nata amsa-kuwwa, amma ƙara muke ji, waƙar ta ɓace. Dalili guda shi ne ɗakin kansa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara da tabarmi yana shanye amo. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano kuwa mayar da shi yake, murya ta bugi bango ta dawo ta haɗe da wadda ke biye, shi ya sa ganga ke gurnani, baitin mawaƙi ya dagule. Sai mu ƙara murya, abin ya ƙara lalacewa.

Gyaran ba ya cin ko dala. Faifan sitiriyo, wanda ya shiga kasuwa a 1958, an yi shi ne don kunne biyu, saboda haka lasifika biyu kada a jingine su wuri guda. A raba su, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa inda kake zama, kamar duwatsun murhu uku, kai ne na ukun. A ɗan karkato fuskarsu gare ka. A janye su daga bango kamu ɗaya ko biyu, kuma kada a cusa su a kusurwa, don nan ne gurnani ke taruwa. Tsayinsu ya zo daidai kunne: in bisa tabarma kuke zama, ɗora su kan kabad asara ce. A shimfiɗa darduma, a rataya labule mai kauri. Lokacin hunturu a rufe kaya da ƙyalle, a kuma sa na'urar daidaita wuta saboda kuran mai hawa da sauka. In an yi haka, da ƙaramar murya ma za ka ji numfashin mai goge, maƙwabci kuma ya samu barci.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. Kaset ba ya jure zafin Adar. Zaren ciki yana manne wa juna, murya tana dushewa, rakodar da za ta juya shi kuma sai an tona. A gidajen Tawa, Keita, Illela, Abalak da Buza akwai akwatuna cike da muryar kakanni, waƙoƙin biki, wa'azin malaman da sunka riga mu gidan gaskiya. Duk mai irin wannan ajiya ya fiddo ta bana, ya nemi mai gyaran radiyo a kasuwa a juye ta cikin waya ko kwamfuta, a rubuta sunan mai magana da garin da shekarar. A ajiye kwafi a wuri biyu.

Wa ke da tsohon kaset a gida, kuma muryar wa ke ciki? Ku gaya mana. Allah ya jiƙan magabata, ya bar zumunci.