Ɗakin da Ake Saye a Ƙunshe: Tarihin Rumfar Katako a Lambunan Ingila

A Ingila, idan magidanci ya so rumfar shan iska ko ɗakin ajiye kayan aiki a bayan gidansa, ba kasafai yake neman magini ba. Zai zaɓi samfurin da ya yi masa a kundin kamfani, ya biya, bayan 'yan kwanaki mota ta sauke masa bangwaye huɗu a kwance, da rufi, da ƙofa, da ƙullin ƙusoshi, da takardar bayani. Shi da maƙwabcinsa sai su tayar da ɗakin a yini guda. Wannan sauƙi ya samo asali ne daga larurar mutanen da suka bar Ingila zuwa ƙasashen da babu kafinta, babu injin tsaga katako.

A farkon shekarun 1830, wani kafinta a Landan mai suna Manning ya ga ɗansa na shirin yin ƙaura zuwa Ostareliya. Ya san cewa yaron zai sauka a gaɓar teku ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, don haka ya ƙera masa gida wanda za a iya ɗaurewa a loda a jirgin ruwa. Dabarar tana cikin ginshiƙan. Kowane ginshiƙi an fafe masa kwarmi a gefe, daga sama har ƙasa, ana ɗaure shi da noti a jikin katakon daɓe, sannan a zura allon bango a cikin kwarmin. Allunan duk faɗinsu ɗaya, saboda haka mai gida na iya sa taga a inda aka yi nufin bango, ko ya mayar da ƙofa ɗaya gefen. Ba a buƙatar zarto. Sufana ɗaya ta isa, kuma babu wani sashe da ya fi ƙarfin mutum guda ya ɗauka.

Abin ya karɓu. Zuwa 1837 Manning yana tallar gidajensa ga masu ƙaura, aka yi ta jigilarsu. Charles La Trobe, wanda ya je Melbourne a 1839 a matsayin jami'in da zai kula da yankin, da irin wannan gida ya tafi. A Adelaide kuwa, ɗakin ibadar mabiya ɗariƙar Quaker da aka kawo daga shagon Manning a 1840 yana nan tsaye har yau.

Daga nan sai hukuma ma ta ga amfanin abin. A 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, injiniya Isambard Kingdom Brunel ya tsara asibitin katako mai gado 1,000, aka yanka sassansa a Ingila, aka harhaɗa a Renkioi ta ƙasar Turkiyya. Nijeriya ma ta sami rabonta: tsohon gidan gwamnati na Kalaba, wanda yanzu gidan tarihi ne, a Birtaniya aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa a 1884.

Waɗanda suka shigar da wannan fasaha cikin lambu su ne kamfanoni irin su Boulton & Paul na birnin Norwich. Asalinsa shagon sayar da kayan ƙarfe ne da aka buɗe a 1797, amma a ƙarshen ƙarni na 19 kundinsa ya cika da akurkin kaji, da ɗakin kare, da gidan gilashi na renon tsirrai, da rumfunan hutawa iri-iri. Layin dogo ya riga ya ratsa ƙasar, don haka ma'aikacin banki da ya sayi gida a bayan gari zai iya aika kuɗi, ya je tasha ya karɓi rumfarsa. Shi dai wannan kamfani ne ya ƙera ɗakunan da Kyaftin Robert Scott ya tafi da su yankin ƙanƙara na Antatika.

Mafi ban sha'awa a cikin kayan nasu ita ce rumfa mai juyawa. Kafin a sami maganin tarin fuka, likitoci sun dogara ne ga iska mai kyau da hasken rana, sai a kwantar da majinyaci a waje, rani da hunturu. Rumfar tana da bango uku, gabanta a buɗe, tana zaune a kan ƙananan tayoyi da ke bin zoben ƙarfe. Iska ta sauya, sai mai jinya ya sa kafaɗa ya tura, bayan rumfar ya tare sanyi, gabanta ya fuskanci rana. Da magani ya samu a ƙarshen shekarun 1940, rumfunan da suka rage suka koma wurin shan shayi.

Marubuci George Bernard Shaw, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1925, yana da irinta a ƙarshen lambunsa da ke ƙauyen Ayot St Lawrence. Ƙafa 8 ce tsawo da faɗi, da tebur da keken rubutu da ɗan gado da tarho. Ya raɗa mata suna Landan. Idan baƙon da ba a so ya yi sallama, sai mutanen gida su ce maigida yana Landan, kuma ba su yi ƙarya ba.

A Amurka abin ya wuce rumfa. Daga 1908 zuwa 1940, kamfanin Sears ya sayar da gidajen zama kimanin 70,000 ta hanyar kundi, ana aika su a taragon jirgin ƙasa. Daga baya har lamba ake buga wa kowane katako don a san mazauninsa.

Babban abokin gābar waɗannan ɗakuna a Ingila shi ne laima. Tun 1838 John Bethell ya yi rajistar hanyar cusa wa katako man kwalta da ƙarfin matsi don hana shi ruɓewa, kuma da matsi ake cusa maganin da ake amfani da shi yanzu. Shi ya sa gogaggen kafinta ke fara tambayar mai saye a kan me zai ɗora ɗakin. Idan daɓen bai daidaita ba, ƙofa za ta ƙi rufuwa. Idan katako ya taɓa ƙasa, zai sha ruwa ya ruɓe daga tushe. Doka ma tana da ta cewa: a Ingila, ɗakin lambu da ke tsakanin mita 2 da iyakar maƙwabci, in tsayinsa ya haura mita 2.5, sai an nemi izinin ƙaramar hukuma. Saboda haka kamfanoni da yawa ke yanka samfuransu su tsaya ƙasa kaɗan da wannan awo.