Kango da gona: ina kakanninmu suke gina gari?

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni a Damagaram ya san kango: gida ne da rufinsa ya rufta, awaki suka gaje shi. A bakin gari kuwa, ga turakun siminti an kakkafa cikin gonakin hatsi, ana jiran masu saye. Yaya aka yi muka bar na ciki yana zubewa, muka koma cin na waje?

A da, ba haka al'amarin yake ba. Lokacin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, ganuwar ta zama iyaka tsakanin mazauni da gona. In soro ya faɗi, sai magina su jiƙa ƙasarsa, su cuɗa, su sake yin tubali, gida ya tashi bisa tushen na kaka. Fatake da baƙi su ne ke sauka waje, a Zango.

Zamanin Turawa ya kawo wata dabara, wato yanka fili murabba'i-murabba'i bisa takarda. Maraɗi ce babbar shaida. Da Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, mahukunta suka mai da mutane bisa tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu. Wannan ƙaura lalura ce ta sa ta. Amma daga baya yankan fili ya zama hanyar samun kuɗi. Malamai ba su manta ba: a farkon shekarun 2000, da filaye gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu. A Yamai ma, dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya kare birni, gine-gine sun ci babban rabonsa.

Dalili a fili yake. Kango yana da magada da yawa, sai an sha zama gaban alƙali. Gona kuwa manomi ɗaya ake lallashi. Sai dai arahar ta yaudara ce: sabuwar unguwa tana jiran famfo, lantarki da makaranta shekara da shekaru, manomi kuma ya cinye kuɗin, ƴaƴansa su tashi ba gona.

Gari ba zai daina girma ba. Amma kafin a tuge karan hatsi, ya kamata hukuma da masu unguwanni su ƙirga kangayen da ke cikin gari, su sasanta magada. Kango yana iya sake zama gida; gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake fid da zangarniya.