Harba-Ka-Ruga: Daga Fadar Babba Zaki Zuwa Ramin Kurege

Duk wanda ya san Hotoro a yau, da tankokin mai da suke jere a bakin daffo da gidajen bulo da suka cinye ko'ina, da wuya ya yarda idan aka ce masa an yi lokacin da babban abokin gabar mutanen wurin shi ne kurege. To amma haka abin yake. Muna yara, da zarar ka fita bayan unguwa gonaki ne na gyaɗa da dawa da rogo iya ganinka, kuma kurege ba ya jiran amfani ya nuna, tun ranar shuka yake bin layi yana tone iri ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya gaji harbi daga mahaifinsa. Da daddare yana gadi a wata masana'anta a Sharaɗa, da rana kuma yana gonarsa. Bindigoginsa biyu ne, duka na toka, wato irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki: wata doguwa mai faɗin baki da yake tafiya da ita wurin gadi, da wata siririya da yake ratayawa idan za shi gona. Wata rana rawar kai ta sa na ce masa, "Baba, me ya sa ba ka ɗauko babbar ka gama da su gaba ɗaya?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro man kaza! In na harbi kurege da waccan, me zan kai gida? Jela?"

Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin raha. Sai da na girma na fara bin littattafan tarihi sannan na gane cewa zaɓin da tsohon nan yake yi tsakanin bindigogi biyu, zaɓi ne da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya iso hannun talaka.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421–1438), inda ya nuna cewa wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya iso Kano da dawakai da tambura da tutoci da bindigogi. Ni dai wannan ban cika sakin jiki da ita ba, domin a wancan ƙarnin ko a Turai bindigar hannu ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne na zamanin Kumbari (1731–1743), lokacin da aka ce an fara kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe. Sannan Babba Zaki (1768–1776) shi ne aka ce ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron Sarki. Mai karatu ya lura da hanyar: daga Nupe, wato daga kudu, daga bakin teku.

A bakin tekun kuwa bindiga ba abin marmari ba ce. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ake saukewa a Afirka ta Yamma sun kai wajen 300,000 ko fiye a kowace shekara, kuma mafi yawansu da bayi aka musanya su. 'Yan kasuwar Danmak da suke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana sun yi suna da wata doguwar bindiga mai dutsen ƙyastu, har sunan ƙasarsu ya bi ta, shi ya sa har gobe Turancin Nijeriya yake jingina bindigar toka ga mutanen Danmak, alhali daga baya yawancinsu a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera su. Da yawa kuma kayan araha ne da aka yi musamman don kasuwar baƙar fata, ba a damu da gwada ƙarfin bututunsu ba, sukan fashe a hannun mai harbi. Wannan tsoro na fashewa shi ne ya biyo bindigar toka har zuwa yau.

To me ya sa duk da wannan yawa ba ta cika ƙasar Hausa ba? Na farko, sarakunan da ke tsakaninmu da teku, irin su Asante da Dahome, ba wawaye ba ne da za su bar makami ya wuce su ya tafi arewa. Wadda ta biyo Sahara daga Tarabulus kuma tsada gare ta. Na biyu, yaƙin ƙasar Hausa na doki ne da mashi da takobi da kwari da baka, kuma kafin mai bindiga ya zuba albarushi, ya danna, ya saka harsashi, ya sake dannawa, ɗan baka ya saki kibiya da dama.

Baturen nan Kilafatin ya ga wannan da idonsa. A watan Oktoba na 1826 ya kasance tare da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ta kai wa Gobirawa hari a Konya. Ya ƙiyasta mayaƙan da 50,000 zuwa 60,000, amma da ya zo kan bindigogi sai ya ce mutanen Kano suna da 41, na Zazzau suna da guda ɗaya tal. Ya kuma bayyana cewa masu riƙe da su duka bayi ne, kuma da zarar mutum ya harba sai ya juya da gudu zuwa inda kibiya ba za ta same shi ba, ya sake ɗuri. Duk lokacin da na tuna wannan wuri sai na yi murmushi, domin ga shi Bature ya kwatanta abin da Bahaushe ya riga ya taƙaita a suna guda: harba-ka-ruga.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne abin ya fara canjawa. Etsu Masaba na Nupe ya tara bindigogi daga Turawan da ke ciniki a kogin Kwara. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, har ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garin, kuma Kanawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun Damagarawa a zamanin Sarki Alu. Amma a daidai lokacin da sarakunanmu suke ganin sun kama zamani, zamanin ya riga ya yi gaba. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burasels wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai dutsen ƙyastu, marar tsaga a cikin bututu, da albarushi gama-gari. A taƙaice dai, sun zaɓar mana bindigar da ba za ta tsorata su ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Kanar Molan ya tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, an ga amfanin wannan zaɓi.

Daga nan bindigar toka ta rabu gida biyu. Ɗaya ta zauna a fada, ita ce wadda 'yan bindigar Sarki suke bugawa a hawan Sallah, ƙara da hayaƙi ba harsashi. (Abin takaici, wannan suna na 'yan bindiga da a da yake nufin bayin Sarki masu ado, yau in ka faɗe shi hankalin kowa daji yake tafiya.) Ɗayar kuma ta sauka ƙauye, ta shiga hannun maharba da manoma. Abin da ya sauƙaƙa haka shi ne ƙarfe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, maƙera suka rage dogaro da tama suka koma kan tsofaffin ƙarafan Turawa, sannan motoci suka zo, sannan masana'antun Bompai, daga baya na Sharaɗa da Challawa, kowacce da tarin ƙarfen da take zubarwa. Bindigar da a da sai an ƙetaro teku da ita, ta zama abin da maƙerin ƙauye yake haɗawa. Dokar makamai ta 1959 ma ta san da zamanta, domin ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuninsu daban da na sauran, ta bar maganar lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Yanzu bari mu koma gonar Baba, mu ga abin da maharbi yake dubawa idan ƙaramin nama yake nufi.

Abu na farko ba kuregen ba ne, yatsunsa ne. Zai duba bututun ya ga da wane ƙarfe aka yi. Tsofaffin maharba sun fi yarda da sandar sitiyarin mota saboda kaurinta, suna gudun bututun famfo, domin shi yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ta nan yake buɗewa ranar da aka cika masa ciki. Duk garin da ake harbi ba ka rasa mutum mai guntayen yatsu ko tabon ƙuna a fuska, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: ko ƙarfe marar kyau, ko tsatsa ta ci shi ta ciki, ko an manta an yi ɗuri a kan ɗuri.

Sai faɗin baki. Babban baki yana cin albarushi da yawa, na gada ne da gwanki da gyado. Kurege kuwa duka-duka nawa yake? Idan kuɗin ɗuri ya fi naman, an yi asara, idan kuma harbin ya ragargaza shi, an yi asara biyu. Don haka siririn bututu ake nema, ɗuri kaɗan, da ƙananan harsasai masu watsuwa, tunda cikin bututun sumul yake, ba ya kai harsashi guda inda ido ya nufa sai a kusa.

Na uku shi ne yadda wuta take kamawa, kuma a nan ne kurege ya fi kowace dabba wahalar da maharbi. Mai dutsen ƙyastu tana da ɗan jinkiri tsakanin tartsatsi da tashin harbi. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma kurege dabba ce da ba ta nisa da raminta, yana tsaye a kan ƙafafun baya yana leƙe, da ya ga walƙiya ya shige. Irin wadda ake sa wa 'yar hular tagulla kunama ta daka, wadda ta bazu a Turai tun wajen 1830, ta fi sauri kuma ta fi jure raɓa. Siririyar Baba irin wannan ce. Duk da haka harbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri duk kuregen da ke gonar ya ji labari.

Shi ya sa, a gaskiya, yawancin kuregen da aka ci a ƙasar Hausa ba bindiga ce ta kashe su ba. Karnuka ne da gora da tarko da haƙar rami da ɗura ruwa. Maharbin da ya ɗauki bindiga don kurege, ko dai ɓarnar ta ishe shi ne, ko kuma yana so ya nuna hannu.

Wannan nuna hannu kuwa ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, maƙeran da suka yi ƙaura daga Jamus zuwa Fensilbeniya a ƙarni na 18 sun ƙera doguwar bindiga mai ɗuri ta baki, amma mai tsaga a murɗe a cikin bututu, wadda take sa harsashi ya juya ya tafi sak. Ƙananan cikinsu, masu baki kamar milimita 8 ko 9, har sunan bindigar kurege aka ba su, domin nasu kuregen a kan bishiya yake zama, kuma gwani shi ne wanda zai same shi a ka da harsashi guda. Har yau akwai masu farauta da irinta a can don sha'awa, alhali suna da ta zamani a ɗaki. Abin lura, wannan tsagar ita ce ainihin abin da yarjejeniyar 1890 ta hana mu. Su sha'awa ta mayar da su ga bindigar toka, mu kuwa ita aka bar mana.

Kuma da ita ake ta fama. A 2014 maharban Adamawa sun shiga cikin waɗanda suka fatattaki Boko Haram daga yankin Mubi, da yawansu da irin wannan bindiga a kafaɗa. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da ita manomi yake fuskantar mai AK-47. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Ƙaramar Sallah, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su.

Kwanakin baya na bi ta Hotoro na nemi inda gonar Baba take. Layi uku ne na gidaje yanzu, da shagon cajin waya a kusurwa. Na sami ɗaya daga cikin jikokinsa na tambaye shi labarin bindigogin. Ya ce babbar tun da aka rufe masana'antar aka sayar da ita. Siririyar kuwa bayan rasuwar tsohon mahaifinsu ya cire mata kunama, ya naɗe ta a buhu ya tura ƙauye, don kada wata rana a zo bincike a same ta a ɗaki.