Girma Ba Ya Hana Karatu

Kwanan baya Umma ta ce min ba za ta shiga ajin rubutu na manya da ake yi a unguwarmu a nan Landan ba, wai kunya take ji, ta tsufa. Sai na ba ta labarin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Tun a shekarun 1950 aka fara Yaƙi da Jahilci a Arewa, manya suna koyon boko da yamma. A 1980 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Ita Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012.

Umma ta yi shiru, can ta ce, "To, karɓo min fom ɗin." Don Allah ku ma ku tuntuɓi iyayenku, labaran da ke bakinsu kada su tafi da su.